Likitan Keke Ya Hau Bene

A layin teloli, shagona ne na uku daga bakin titi. Zare nake sayarwa, da maɓallai, da zif, da allurai. Shagon da ke manne da nawa na mai gyaran keken ɗinki ne, wanda kowa ke kira Likita. Katako ne kawai ya raba mu, don haka tarinsa ma ina ji, shi ma ya san duk mai sayen da na yi wa tsada.

Gajere ne, kakkaura, mai faffaɗan kunne. Yatsunsa kullum baƙi ƙirin da man keke, har sabulu ya haƙura da su. In aka kawo masa keke ba ya saurin ɗaukar sukundireba. Sai ya zauna ya taka feda, ya karkata kai yana saurare, sannan ya ce wa mai keken, "Yaushe rabon da ka ba ta mai? Kai ka ci, ita ka bar ta da yunwa."

Asalinsa tela ne, amma telan da Allah bai ba shi hannun ɗinki ba. Da bakinsa yake ba da labarin wandon da ya ɗinka yana saurayi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mai wandon ya ce sai dai in a gefen tudu zai riƙa tafiya. Maigidansa ya lura yaron yana ɓata yadi amma duk keken da ya taɓa sai ta warke, shi ne ya ce masa ya bar almakashi ya kama ƙarfe. Tun daga nan bai waiwaya ba.

Matarsa ta rasu 'yarsu Auta tana sakandare. Yayyenta maza sun daɗe da barin gari, kowa da nasa iyalin. Saboda haka gidan Likita na gaske shi ne layinmu. Can ɗakin haya kwana kawai yake kai masa.

A ƙarƙashin rumfar shagonsa akwai teburin mai gyaran agogo, wani dogon tsoho siriri da ake kira Ƙarfe Nawa. Sunan ya samo asali ne daga akwatin gilashinsa: agoguna cike, kowanne da lokacin da yake nunawa, in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ce ka zaɓi wanda ya yi maka. Shi da Likita kwano ɗaya suke ci, kuma tun safe har a tashi ba su da aiki sai zagin juna.

"Likitan da bai taɓa ganin ƙofar asibiti ba," in ji Ƙarfe Nawa. "Yau kekuna nawa ka kashe?"

"Gara ni, marasa lafiyata suna tashi. Kai naka sai dai a yi musu addu'a."

Haka muka saba. In ka ji layin ya yi shiru, to ɗayansu bai fito ba.

Sai kasuwar Likita ta fara sanyi. Teloli matasa suka koma kekunan lantarki masu gudu kamar za su tashi sama, in sun lalace kuma wurin dillalin da ya sayar ake mayarwa. Likita bai san cikinsu ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Yakan wuni yana goge kekunan da ba su da datti. Ƙarfe Nawa, wanda waya ta riga ta kashe wa tasa sana'ar, sai ya ce, "Sannu da zuwa, maƙwabci. Na daɗe ina riƙe maka wuri."

A lokacin ne Auta ta gama makarantar jinya, aka tura ta aiki wani gari mai nisa. Kafin ta tafi ta zo shagon da sabuwar waya a kwali.

"Baba, zan buɗe maka shafi a dandalin da masu sana'a suke tallata aikinsu."

"Ni da tsufana zan shiga waya ina rawa?"

"Ba rawa ba ce. Aikinka kawai za ka nuna. Gwaggo, ki sa baki mana." Haka take kirana tun tana ƙarama.

Na sa baki. Na ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ya harare ni, ya ce ai ga shi nan, ni ma na ce rawa ce. Daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: ba za a nuna fuskarsa ba, hannu kawai.

Bidiyon farko a kan keken da ke tsinka zare ne. Auta ta jingina wayar da gwangwanin mai, Likita ya buɗe ƙasan keken, ya zaro ƙoshiya, wato ɗan ƙarfen da zaren ƙasa ke zama a ciki, ya nuna inda ta yi kaifi har take yanke zare, ya goge wurin. Muryarsa na rawa kamar mai ba da shaida a kotu. Daga bayansa kuma ana jin Ƙarfe Nawa yana cewa, "Jama'a, kada ku yarda, shi ya ɓata ta da safe."

Auta ta tafi. Ta bar shi da wayar, bayan ta koya masa inda zai danna.

Abin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Ashe duniya cike take da mata masu keke a ɗaka, da teloli a ƙauyukan da babu mai gyara ko ɗaya. Tambayoyi suka fara shigowa. Wata kekenta na tsallake ɗinki, wani nasa na cin yadi, wata ta gaji keken kakarta ba ta san ma ta inda ake zuba mai ba. Likita ba ya iya rubutu da sauri, sai ya riƙa amsawa da murya, ɗaya bayan ɗaya, har da gaisuwa da tambayar iyali. Ba a jima ba aka fara aiko masa da kawunan kekuna daga wasu garuruwa, a naɗe cikin tsofaffin barguna, direbobin tasha na sauke su a ƙofarsa.

Abin da ya fi faranta masa rai kuwa shi ne wani mai gyara daga wata ƙasa da suka haɗu a dandalin. Ba sa jin yaren juna sosai, amma ƙarfe yarensa ɗaya. Mutumin ya riƙa turo masa hotunan cikin keken lantarki, yana zagaye wurare da jan layi. Likita, wanda ba zai iya tsallaka titi ya tambayi yaron dillali ba, ga shi yana tambayar baƙo ba kunya, tunda babu mai ganinsa. Ranar da ya tayar da keken lantarki na farko, ya leƙo shagona yana haki kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Mai zare, zo ki ji! Zo ki ji yadda take kuka!"

Na je na ji. Ni dai ƙara na ji, amma na taya shi murna.

Ya sake rufin rumfa, ya sayi sabbin kayan aiki, ya yi ƙiba kaɗan. Sai dai wayar ta zama kamar jariri a hannunsa. Abinci ya huce a kwano, Ƙarfe Nawa na jira da cokali, Likita na cewa, "Bari in amsa wa wannan baiwar Allah, tun jiya take jira." In ya gama da ita, wasu sun shigo.

Sannan masu tsokaci suka fara ƙorafi. Layinmu ba masallaci ba ne: ga janareto, ga rediyon teloli, ga masu talla. Wasu suka rubuta cewa ba sa jin bayani. Wani kuma ya rubuta, "Wane ne wannan tsohon mai surutu a baya? A kore shi mana." Mutane da yawa suka goyi bayansa. Likita ya karanta, ya sake karantawa, ya kifa wayar.

Washegari, da zai fara ɗauka, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Malam, don Allah, in na kunna, ka ɗan yi shiru."

Tunda nake, ban taɓa jin ya kira shi Malam ba. Ƙarfe Nawa ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, ya dube shi.

"To, ranka ya daɗe," ya ce.

Kuma ya yi shirun. Ya yi shi a lokacin ɗauka, ya ci gaba da yin sa bayan an kashe.

Ko da bakin tsohon ya mutu, janareto bai mutu ba. Da Auta ta zo hutu, ta samo wa mahaifinta ɗaki a saman wani bene, bayan kantin magani, tafiyar da ba ta kai ka gaji ba daga layinmu. Ɗaki ne mai farin fenti da taga babba, haske na zuba a kan teburi. Ta saya masa ƙarfen riƙe waya da wata fitila mai zagaye. Ta yi ne don alheri, kuma gaskiya bidiyon ya fi kyau. Har zaren da ke shiga hancin allura kana gani.

Ranar kwashe kaya, Likita ya ce wa Ƙarfe Nawa akwai wuri a can in yana so.

"Wa zai hau bene ya gyara agogo?" in ji tsohon. "A ƙasa ma ba su zo ba."

Shagon Likita wani mai sayar da cajar waya ya kama shi. Ya bar Ƙarfe Nawa a rumfar don mutunci, amma saurayi ne, kunnensa kullum a toshe da abin jin waƙa.

Da farko Likita kan zo cin abincin rana. Daga baya ya zama sai an kwana biyu. Ya bayyana mini cewa dandalin ba ya son hutu: in ka yi shiru kaɗan, sai ya daina nuna ka ga mutane, ya nuna wasu. Ga shi yara sun taso suna kwaikwayonsa, wasu ma bidiyonsa suke sata su ɗora sunansu a kai. Akwai wanda ya buɗe shafi da hoton hannun Likita, ya karɓi kekunan mutane ya ɓace, sai da aka sha wahala kafin a wanke sunan Likita. Telolin layinmu kuwa, waɗanda dā ke ɗauko keke su zauna hira har a gama, yanzu in ta tsinka zare sai su buɗe waya, su kalli hannunsa, su gyara da kansu. Ya koya musu yadda za su daina zuwa wurinsa, kuma suna yi masa godiya a tsokaci.

Akwai wani lokaci da muka daɗe ba mu gan shi ba. Ba mu damu ba, don kullum sabon bidiyo na fitowa. Teloli na cewa, "Likita na nan garau, yau ma ya saki wani." Sai wata mai sayen zare ta bar mini kan kekenta in kai masa. Na hau benen, na ƙwanƙwasa, shiru. Na tura ƙofa.

Yana kwance a kan tabarma tsakanin kekuna, ya lulluɓa da ɗaya daga cikin bargunan da ake naɗo su. Ya rame, leɓensa ya bushe. Kofin shayi a gefensa har ya yi fata. Zazzaɓi ne ya kayar da shi a nan, ya kasa komawa gida, mai kantin magani na ƙasa ne ke miƙo masa ƙwaya in ya tuna.

"Yaya! Kana nan a haka ba wanda ya sani? To bidiyon da muke gani fa?"

"Na ɗauke su tun tuni. Auta ta nuna mini yadda ake jera su, su riƙa fita da kansu."

"Me ya hana ka kira ni?"

Ya yi ɗan murmushi. "Na ɗauki wayar zan kira. Sai na ga saƙonni sun taru, kowa da kekensa. Na ji kunyar a ga ina kan waya ban amsa ba, sai na kashe ta."

Na share ɗakin, na dafa ruwa, na kira Auta. Da na zauna, sai na lura da irin shirun wurin. Ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Kujera ɗaya ce tak a ɗakin, tasa.

"Kin san abin da ya fi damuna?" ya ce, idonsa a rufi. "Mutanen nan suna da kirki. Baba kaza, Baba kaza, Allah ya ƙara basira. Tun safe har yamma yabo. Amma babu mai zagina, Mai zare. Mutum ya wuni ba wanda ya ce masa kai banza ne, ai sai ya fara shakkar ko yana nan."

Na kai wa Ƙarfe Nawa labari. Ya ce gwiwarsa ba ta hawa bene. Amma ya sayi lemo ya ba ni in kai, ya ce kada in ce daga gare shi ne. Na kai, na kuma faɗa.

Likita ya warke, amma ba a daɗe ba idon Ƙarfe Nawa, da dama ya fara rauni, ya gaza gaba ɗaya. Ɗansa ya zo da mota zai tafi da shi garin da yake aiki. Na aika wa Likita, ya sauko da sauri, hannunsa ko gogewa bai yi ba. Aka ɗora akwatin gilashin a bayan mota, aka ɗaure da igiya. Su biyun suka tsaya a rumfar suna gaisawa kamar surukai.

"Allah ya kiyaye hanya."

"Amin. Allah ya ƙara kasuwa."

"A gaida iyali."

"Za su ji."

Na ji kamar in kwaɗa musu mari su duka. Ɗan ya kama hannun mahaifinsa ya sa shi a mota. Sai da injin ya tashi, tsohon ya laluba ya sauke gilashin motar, ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton Likita yake, ko da yake ya ɗan kauce.

"Kai, makashin kekuna! An ce hannunka ya yi suna. To ka gode wa Allah da ba su ga fuskar ba."

Likita ya buɗe baki zai rama, motar ta riga ta hau titi. Ya tsaya da amsarsa a baki. Ya shigo shagona ya zauna a kan buhun zare, ya daɗe, bai taɓa wayar ba duk da tana ta motsi a aljihunsa.

Ba zan ce dandalin sharri kawai ya jawo masa ba, don na ga wani abu da idona. Wata rana wata mata ta zo layinmu da jakar kayan aiki a kafaɗa tana neman Likitan Keke. Daga nesa ta taso. Na raka ta benen. Da ya buɗe ƙofa ta dube shi ba ta gane shi ba, sai da idonta ya sauka a kan hannunsa, ta ce, "Kai ne!" Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da tsohuwar keke. Da bidiyonsa ta gyara ta, sannan ta maƙwabciya, yanzu ita ce mai gyara a yankinsu gaba ɗaya. Ta zo ne kawai ta ce ta gode.

Likita ya rasa inda zai sa kansa. Ya ba ta kujerar, shi ya zauna a kan akwati. Suka buɗe wata keke suka yi ta musu a kan yadda ake daidaita allura, ta ce hanyarsa ta fi tsawo, ya ce tata ta ragwaye ce. Rabon da in ji dariyarsa haka har na manta. Da la'asar ta ce za ta bi motar ƙarshe. Muka raka ta har tasha, ya ba ta sukundirebansa mafi tsufa. Da muke dawowa ya ce mini, "Ashe akwai mutane a cikin abin nan." Can kuma ya ce, "Sai dai duk suna da motar da za su bi."

Ita ce ta kai sunansa wata cibiyar koyar da sana'a a babban birnin yankinsu. Suka duba shafinsa, suka kira shi, suka ce suna son ya zo ya koyar, da ɗaki da komai. Ya zo ya tambaye ni shawara, ko da yake na ga ya riga ya yanke.

"Me zan zauna in yi a nan? Bene da can duk ɗaya ne. Can ko ba komai akwai masu numfashi a gabana."

Ya tafi a motar safe, da akwatin kayan aiki da fitilarsa mai zagaye. Teloli kaɗan ne suka fito, sauran suna da ɗinkin da za su miƙa. Sun rubuta masa fatan alheri a shafi.

Yanzu cibiyar ce ke kula da shafin. Sun sa masa farar riga mai tambari, hannun ma ya yi fes, da alama sun samo sabulun da ya fi namu. Yana kirana jifa-jifa, yawanci in ɗalibai sun fita cin abinci. Kiran da ya yi na baya-bayan nan, ya ce an yi masa tabarau, ɗalibai na da ladabi, Auta ta samu canjin aiki amma zuwa wani garin da ya fi nisa. Ya ce tagar ɗakinsa na kallon wurin ajiye motoci, yakan zauna ya ga masu fita da masu shiga. Ya tambaye ni ko an gyara kwatar bakin layi, na ce ba a gyara ba. Ya tambayi wa ya yi aure, wa ya haihu, wa ya tashi. Na lissafa masa, rabinsu bai san su ba, amma ya ce in ci gaba.

Ina cikin ba shi labarin sabon mai shagon kusurwa, wata yarinya ta shigo neman zif baƙi mai tsawo. Na ce masa ina da mai saye.

"Je ki, je ki," ya ce. "Kasuwa ta fi. Ni ma ga su nan sun fara dawowa."

Ban ji motsin kowa a bayansa ba. Na ce ya gaida ɗaliban, na ajiye wayar, na jawo kwalin zif.